Awon Durowar Baba

Shekarar da surukina ya dawo gidanmu da zama, damina ta makara. Kullum da la'asar hadari yakan taso ta bayan dutse, ya yi baƙi ƙirin har kaji su fara neman makwanci, sai iska ta zo ta watsa shi, a wayi gari da zafi irin na jiya. Lokacin ina koyarwa a wata lakwal ta firamare a nan Dogon Dutsi. Maigidana aiki ya kai shi can ƙuryar arewa, sai ya yi wata uku ko huɗu bai leƙo mu ba, 'ya'yanmu biyu kuma suna karatu a Dosso wajen yayata. Gidan ya rage daga ni sai tsoho, sai kaji, sai wata tunkiya mai kukan banza.

Baba nake ce masa. Sunansa bai taɓa fita daga bakina ba. Mutumin wani ƙauye ne kusa da Kore Mairuwa, kuma a kasuwa ya yi rayuwarsa, yana sayar da farin ƙyalle da saƙi daga Kore Mairuwa zuwa Dumega zuwa Tibiri. Bai taɓa riƙe mita ba. Da kamu yake awo, daga gwiwar hannu zuwa kan ɗan yatsa, kuma an ce mata sukan jira shi ko da wasu sun riga shi shimfiɗa, don dogon hannu gare shi. Wata safiya ya faɗi a bakin rijiya, ɓarinsa na dama ya mutu, hannu da ƙafa. Mutanen ƙauye suka ce doguwa ce, aljanar nan, ta taɓa shi. Likita ya ce tansiyon ne, wato hawan jini. Ni dai na ce ko wanne ne a cikinsu, ya yi mana ta'adi. Matarsa ta riga ta rasu, don haka maigidana ya ɗauko shi, muka gyara masa ɗan ɗakin da ke kusa da zaure.

To, sai kunya. Da safe in durƙusa a bakin ƙofa, bayan asabari, in gaishe shi, ya amsa, shi ke nan maganarmu ta ranar ta ƙare. Ba na shiga ɗakin sai ya fita. Ba ya kallona, ba na kallonsa. In yana son wani abu, kaza yake faɗa wa. Akwai wata wake-wake da ke yawan kwanciya a gindin kujerarsa, sai in ji ya ce, "Ke kaza, ruwan ga ya yi zahi," sai in tashi in ɗebo na randa in ajiye ɗan nesa in koma. Ni ma in ina da amsa, tunkiya nake ba. Wani lokaci dariya takan kama ni a madafa, wai ni da nake tsawata wa aji guda su yi tsit, ga ni ina hira da tunkiya. Amma Allah ya sani ina son zaman nan. Ubana ya rasu ina ƙarama, kuma tarin tsoho da ƙarar carbinsa a tsakar gida sun cike mini wani gurbi da ban ma san yana nan ba.

Sai dai ciwon ya bar masa wata larura wadda ko kaza ba a faɗa wa. Fitsari yakan riga shi. A yini yakan buƙaci canza wando sau biyu, wani lokaci uku. Kayansa kuwa suna cikin wata tsohuwar adaka ta ƙarfe a ƙarƙashin gado, wadda ko mai hannu biyu sai ya yi nishi kafin ya jawo ta ya ɗaga murfin. Shi da hannun hagu kaɗai, sai ya yi ta fama da ita da sanda, wani lokaci daga hantsi har azahar, yana zaune cikin jiƙa, ya ƙi fitowa, ya ƙi zuwa masallacin ƙofar gida. Ya kira ni in ciro masa wando kuwa, gara masa kabari. Na taɓa gwada ajiye masa wanduna uku a ninke a kan gado sa'ad da ya fita shan iska. Ranar bai ci abinci ba, don na nuna masa na sani, kuma duk baƙon da ya leƙo zai gani. Masu datti yakan jefa su a wani bokiti mai murfi a bayan ɗaki, in wanke, in mayar cikin adaka in ya fita, kowa ya yi kamar iskoki ne ke yin aikin.

Akwai ɗan ƙanensa, wani magidanci mai motar kaya, da yakan biyo ta wajenmu duk ranar kasuwar Kore Mairuwa ya gaishe shi. Wata rana ina shanya a bayan zaure na ji Baba yana ce masa, in an ci kasuwa uku ya zo ya maida shi gida. Ya ce ɗiyar mutane ba ta yi laifin komai ba, kuma shi ya gaji da zama yana jin kunyar numfashinsa. Zanin da ke hannuna ya faɗi cikin ƙasa. Wane gida? Ƙanensa ne kaɗai a can, tsoho shi ma, idonsa ya tafi, babu mace ko ɗaya a gidan. Na san in ya koma ba zai ga kaka ba.

Na kira maigidana, ya ce in yi haƙuri, zai yi masa magana. Na san irin maganar. Ɗan fari ne, shi ma gaisuwa ce kawai tsakaninsa da uban, daga lafiya lau sai lafiya lau. Na kashe wayar ina huci.

Dabarar a ofishin diraktan lakwal ta zo mini. Na shiga karɓar alli, na ga ya jawo durowar teburinsa da ɗan yatsa ɗaya, ta taho sulululu ba ko ƙara, ya tura ta ta koma. Na tsaya ina kallo har ya tambaye ni ko lafiya. A raina na riga na ga kwaba a gaban gadon Baba, mai durowa daidai hannunsa, wanduna a ciki a rufe, babu mai gani, babu wanda za a kira. Da aka tashi ban koma gida ba, na ɗauki doguwar mitar katako ta aji na wuce wajen kafinta.

Kafintan nan Bafulatani ne, rumfarsa na bayan tasha. Ni kuwa Ba'ara ce gaba da baya, Arawa da Fulani kuwa abokan wasa ne, don haka akwai wasa tsakaninmu, kuma ba ma raga wa juna. Yana hango ni ya ce ga Madam ta zo da sandar dukan mutane. Na ce gara ni, shi fa da ya sayar da shanun ubansa ya sayi zarto? Muka yi dariya, na faɗa masa abin da nake so. Ban faɗa masa dalili ba. Ina zan iya? Na ce dai kwaba nake so ta surukina, mai durowa biyu masu gudu a kan ƙarfe.

Ya shiga ciki ya fito da ƙarafan a rungume, ya jera su a kan benci, bibbiyu bibbiyu. Kulis yake ce musu. Kowanne siriri ne, ninki uku, ana ja yana fitowa daga cikin ɗan'uwansa a kan wasu 'yan ƙwallaye ƙanana masu maiƙo. Akwai na santimita ashirin da biyar, da talatin, da talatin da biyar, har zuwa hamsin. Waɗanda suka shigo daga Najeriya an rubuta musu inci, sha biyu, sha huɗu, har ashirin, ya ce kada wannan ya ruɗe ni, duk abu ɗaya ne. Ya yi mini bayani tiryan-tiryan kamar ni ce ɗalibar. Ya ce ba waje ake aunawa ba, cikin kwabar ake aunawa, daga baki zuwa katakon baya, a rage kamar yatsa biyu, abin da ya saura shi ne iyakar tsawon ƙarfen. Ya ce ƙarfe ba ya wuce durowarsa tsawo, in ya gaza ta da yawa kuma bayanta ba zai fito ba. Ya ce a kowane gefe ana barin wurin ɗan yatsa ƙarami don ƙarfen ya zauna. Duk wannan na gane, lissafi ne, aikina ne.

Sai ya yi mini tambayoyin da suka ba ni haushi. Wa zai riƙa ja? A tsaye ko a zaune? Me ke gabansa in ya ja?

Na ce ina ruwansa? Surukina ne, dattijo, mai daraja, a yi masa babba. Na ɗora yatsa a kan na hamsin, mafi tsawo, wanda ya fi kowanne ƙyalli. Ya ce, "Madam, dogon ƙarfe sai da fili a gabansa. Ki bari in zo in ga ɗakin da mai ɗakin." Na ce ba za a shigo wa Baba da baƙo ana dube-dube ba, ni zan auna, ai ni nake koya wa 'ya'yan shi kafintan awo. Gaskiyar magana, a raina gani nake ƙaramar durowa raini ce. Yaya za a ce suruka ta yi wa uban mijinta abu guntu? Me mutane za su ce in sun shigo gaisuwa? Ya ɗaga kafaɗa ya ce to, Arawa dama ba su jin magana.

Washegari da Baba ya ja ƙafa ya fita inuwar darbejiya, na shiga na auna. Na auna bango, na auna tsayin gado, na auna daga bakin gado zuwa bango, mita ɗaya da 'yar ɗoriya. Na rubuta komai tsaf a takarda da jan biro. Kwaba mai zurfin hamsin da biyar za ta shiga, durowa mai hamsin za ta fito, har da sauran 'yan yatsu. Na ji daɗin kaina ƙwarai. Ɗakin babu kowa na auna, kuma ko kusa bai faɗo mini a rai ba cewa akwai gwiwoyin mutum da za su zauna a wannan filin.

Kwana takwas aka yi, kasuwa ɗaya ta wuce. Aka kawo kwabar a amalanke, ja ce, tana ƙamshin sabon katako da fenti. Na sa aka shigar da ita Baba yana masallaci. Na ja durowar, ta taho sulululu har ƙarshe, ta tsaya da ɗan ƙas. Na yi ta ja ina turawa ni kaɗai ina murmushi. Sannan na kwashe kayan adaka na jera. A nan ma na ƙara wata wautar. A gaba na sa huluna da carbi da turare, abin da ido zai iya gani. Wandunan na tura su can ƙurya, a baya, don ko ni da nake jerawa kunya nake ji in sa wandon surukina a bakin durowa.

Da ya dawo ya daɗe a ciki. Can na ji ya fito ya zauna, ya ce wa kaza, "Ke kaza, an yi aiki. Allah shi yi albarka." Na faɗa wa tunkiya amin, har da 'yar rawa a madafa.

Kwanakin da suka biyo na yi su ne kamar ina tafiya a cikin ruwa. An shiga hutu, zafi ya kai inda ya kai, bayan azahar gari yakan mutu murus, sai kukan kurciya daga kan dutse. Nakan shimfiɗa tabarma a rumfa in kishingiɗa, kunnena yana wajen ɗakinsa. Sai in ji sulu, ƙwas. Shiru. Can kuma sulu, ƙwas. Na ɗauka wasa yake da ita yadda na yi. Da wannan ƙarar barci yakan ɗauke ni, kuma sau biyu ko uku na yi mafarki iri ɗaya. Ina jan durowar tana fitowa, tana ta fitowa ba ta ƙarewa, ta fita ta ƙofa, ta ratsa zaure, ta bi titi ta wuce tasha, ta gangara cikin kwari inda gawo suke tsaye ba ganye. A cikinta akwai kasuwa sukutum, rumfuna da raƙuma da masu fura, ga farin ƙyalle an shimfiɗa yana kaɗawa har Dumega. Can ƙarshe ga Baba da hannunsa biyu lafiya lau, yana awo, ƙyalle na zuba daga gwiwar hannunsa, mata sun kewaye shi. Ina kiransa ya zo ya ɗauki kayansa, amma ba ni da sunan da zan kira shi da shi. Nakan farka jiƙe da gumi, hadari ya haɗu, iska tana kwashe shi.

Sai a kwana na shida na lura da abin da ya kamata in gani tun ranar farko. Bokitin bayan ɗaki kusan babu komai a ciki. Baba ya daina fita masallaci gaba ɗaya, ko inuwar darbejiya ya daina zuwa. Kasuwa ta biyu ta zo, ɗan ƙanensa ya biyo, suka gaisa ta bayan asabari, bai ce masa ya shigo ba. Na ji ya ce, "Mako mai zuwa, da sahe."

Ranar da la'asar na yi abin da ban taɓa yi ba. Na ji sulu, ƙwas, sai na lallaɓa na leƙa ta tsagar asabari.

Yana zaune a bakin gado. Ya jawo durowar, ta taho ta daki gwiwarsa ta dama, matacciyar, wadda ba ya iya kawar da ita gefe. Ko rabi ba ta fito ba. Abin da ya bayyana huluna ne da carbi da turare. Ya zura hannun hagu ciki iyakar ƙarfinsa, ya sunkuya har na ji tsoron zai kifa, yatsunsa suna lalube, ba su kai ba. Ya ɗauki sandarsa ya zura, yana ƙoƙarin ƙwaƙulo wando da kanta, sandar tana ƙara tura su baya. Adakar da yake iya buɗewa da rabin yini na kwashe ta tas. Gwiwar kuwa ta yi baƙi, ta kumbura, wajen da katakon yake duka kwana shida.

Na koma madafa na zauna. Haushi na ji, haushin kaina, irin wanda ke sa mutum ya so ya mari fuskarsa. Ni mai jan biro, ni mai koya wa mutane awo. Na auna bango, na auna gado, na bar bawan Allah a zaune cikin jiƙa kwana shida yana sa mini albarka ta bakin kaza. Na yi tunanin in jira ya fita in dawo da wandunan gaba, amma ba ya fita, kuma ko na dawo da su, ja ɗaya zai yi sauran su zame baya. Kwabar ce ta cinye ɗakin. Dole a rage ta. Nawa za a rage kuwa, mutum ɗaya ne ya sani.

Na wanke fuskata, na ja mayafi har goshi, na ɗauki mitar aji. Na yi sallama a bakin ƙofa. Ya amsa. Maimakon in tsaya a nan, sai na ɗaga asabari na shiga. Ya yi sauri ya ja bargo ya rufe cinyarsa a cikin wannan zafi. Na durƙusa, idona a ƙasa.

Na ce, "Baba, na yi kuskure. Awo zan sake."

Ya juya fuskarsa wajen bango. Can nesa na ji wata mota tana hawan tudu. Na ce a raina shi ke nan, na ɓata abin da ya rage, gobe ma zai iya cewa a kira masa mota. Don in sami abin yi da hannuna, na miƙa mitar wajen bango.

Sai ya yi magana. Muryarsa a hankali, kuma ba da kaza yake ba.

"Ba bango za ki auna ba, ɗiyata. Ni za ki auna."

Ya jawo durowar har ta taɓa gwiwarsa. Ya buɗe tafin hagunsa a kan abin da ya fito, daga babban yatsa zuwa na tsakiya, taƙi ɗaya cif. Sannan ya zura hannun ciki iyakar inda yake kaiwa ba tare da ya sunkuya ba, ya fito da shi, ya jera yatsu huɗu a gefen taƙin. Ya yi shi da sauri da tsabta, yadda hannu yake yin abin da ya saba shekara da shekaru.

Ya ce, "Taƙi guda da yatsa huɗu. Abin da ya wuce nan ba nawa ba ne yanzu."

Dole in mayar da shi lissafin kafinta. Na ɗora mitar a gefen hannunsa, amma hannun yana rawa, lambobin suna guje mini, ga idona ya cika. Ban san lokacin da na kama wuyan hannunsa na riƙe ba. Shekara goma sha tara ina auren ɗansa, ranar na fara taɓa shi. Fatar a bushe take, da sanyi, ƙashin ba nauyi. Bai janye ba. Shi yana kallon bango, ni ina kallon mita, muka auna taƙin, muka auna yatsun. Saura kaɗan ya cika talatin. Na ce na gode, ya ce Allah shi yi albarka. Kafin in fita na jawo wando biyu daga ƙuryar na ajiye a kan gado, a gabansa, ban ɓoye ba. Da magariba kuwa ya ci tuwonsa.

Da sassafe na je wajen kafinta. Na shirya wa tsiyarsa, har na tanadi amsa. Ya dubi fuskata, ya dubi takardar, bai yi wasan ba. Ya ɗauko na talatin guda huɗu, ya ja kowanne ya saurara, ya mayar da ɗaya da ya ce yana da ɗan cije, ya canzo wani. Wannan karon da ya ce zai zo ya gani, na ce bismilla. Ya zo da amalanke, ya durƙusa ya gaida Baba, ya dubi gado, ya dubi gwiwa, ya tafi da kwabar. Ya yanke bayanta, ya rage zurfinta zuwa talatin da biyar, ya gajarta durowoyin, ya goge bakinsu ya zama ba kaifi. Ya kuma canza mariƙin, ya sa mai faɗi wanda yatsu huɗu za su shiga. Kwana uku ya yi. Da aka dawo da ita ta zama 'yar guntuwa, ta lafe a jikin bango, ni da kaina na ga ba ta da kwarjini ko kaɗan. Baba yana zaune aka ajiye ta. Na jera kayan a gabansa, wanduna a durowar sama, huluna a ta ƙasa. Ya ja da yatsu biyu. Ta taho har ƙarshe, ta tsaya, saura kusan tafin hannu tsakaninta da gwiwarsa, komai na ciki a fili.

Bai ce zai zauna ba. Ban tambaya ba. Kwana ukun da suka rage ya koma masallaci, bokiti ya koma cika, na koma wanki. A rana ta biyu aka yi ruwan farko, mai yawa, ƙamshin ƙasa ya cika gida, dutsen ya yi ja wur kamar an wanke shi. Ya zauna a bakin zaure yana kallon ruwan yana gangarowa. Na ce a raina yanzu kam gonarsa yake tunani, da masu shuka, da ƙauye, kuma babu durowar da za ta riƙe shi. Tsoro nake ji sosai, ko abinci ba ya shiga.

Ranar kasuwa ta uku ina dama kunu na ji motar ta tsaya a ƙofar gida. Ɗan ƙanensa ya yi sallama, ya tsaya a tsakar gida yana jira, ya ma riga ya buɗe ƙofar gaban motar ya share kujera. Daga ɗakin na ji durowar ta taho, ta koma. Aka ɗan jima. Sai ga Baba ya ɗaga asabari da kan sandarsa ya fito, da farin wando da farar riga, hula a karkace. Na duba hannunsa, na duba bayansa. Babu ƙunshi.

Suka gaisa. Ya jingina sandar a jikinsa, ya sa hannu a wuya ya ciro wani ɗan makulli da ke rataye da igiyar fata, ya miƙa wa ɗan ƙanensa.

Ya ce, "Ka kai ma babanka. Ka ce in an yi kaka shi zuba hatsi ɗakina, kada shi zauna banza gara ta cinye."

Mutumin ya riƙe makullin yana juyawa. Ya ce, "To kai fa, Baba?"

"Ni na samu wurin ajiya nan."

Ban ji sauran ba. Na zauna a kan turmi na rufe fuskata da zani na yi ta kuka, har motar ta tashi, har kunun ya kama a tukunya. Haka na zuba shi da ƙaurinsa na kai masa, ya shanye tas.